Ƙwayar Gero a Ƙarƙashin Harshe

Ranar da Alhaji Tanko ya shigo wani ƙaramin asibitin haƙori a Ƙofar Marusa, Ma'u ta gane shi tun bai zauna ba. Shi kuwa ko kallon arziki bai yi mata ba. Ina ruwan tsohon darakta da mai haɗa haƙoran roba?

Shekara ashirin baya, mahaifinta Malam Yahaya masinja ne a ofishinsa. Ciwon dasashi ya zubar wa bawan Allah da haƙora, magana ta daina fita daidai. Wata rana ta kai masa abinci, ta tarar Alhaji ya tsayar da shi gaban baƙi yana cewa, "Yahaya, ka ce sassafe. Sake hwaɗi!" Sau uku ya sa shi, baƙi na riƙe ciki don dariya. Tun daga ranar Malam Yahaya bai ƙara buɗe baki cikin taro ba har Allah ya karɓi abinsa. Ma'u ba ta yafe ba, ba ta kuma yi niyya ba.

To, ga shi duniya ta juyo, bakin Alhaji ya zama kango. Likita Mudassir ya ɗauki awon dasashinsa ya miƙa mata, ya ce a hanzarta, ranar Asabar Alhaji zai yi jawabi a liyafar auren ɗansa a unguwar GRA.

Haƙoran sama ba su da rigima, ganɗa, wato rufin baki, ke riƙe su. Na ƙasa ne 'yan tsiya. A kan siririn dasashi suke zama, harshe na tura su ta ciki, kumatu ta waje. Dole gefen robar ya tsaya daidai inda nama mai tauri ya ƙare, mai motsi ya fara. In ya gaza, iska ta shiga su yi ta rawa. In ya zarce, da harshe ya ɗaga sai ya cillo su. Ma'u ta san wannan kamar yunwar cikinta. Da ta haɗa haƙoran, ta goge ko'ina sumul, amma ƙarƙashin harshe ta bar gefen ya zarce da tsawon ƙwayar gero. Da gangan, wallahi.

Ranar gwaji Alhaji ya cije, haƙora suka zauna daram. Likita ya ce, "Ranka ya daɗe, a ɗan zaro harshe mu gani." Alhaji ya harare shi. "Ni zan zaro maka harshe? Yaro ka mai da ni?" Ya gyara hula ya fice.

Kafin la'asar ɗin Asabar, bidiyon liyafar ya iso wayar Ma'u tana gida a Kambarawa. Ga Alhaji ya riƙe makirfo, ya ɗaga murya zai yabi zuri'arsa, sai haƙoran ƙasa suka yi tsalle suka faɗa farantin shinkafa. Kai! Zauren ya kece da dariya. Sau bakwai ta kalla, ta ji daɗi har da ƙwalla.

Litinin sai ga shi ya dawo da su ƙunshe a hankici, kumatu sun lotsa, murya ta yi ƙasa. Likita ya ce Ma'u ta duba. Ta sa masa su a baki.

"Alhaji, ka ce sassafe."

Ya faɗa, haƙoran suka ɗago.

"Sake hwaɗi."

A na uku ya kai hannu ya rufe baki, sai ta ji zuciyarta ta ɗan yi sanyi. Ta cire su ta nufi injin gogewa, aikin minti biyu ne kawai. Ba ta juyo ba ta ce, "Ni ɗiyar Malam Yahaya ce, masinjanka." Abu ɗaya take jira, ya ce Allah ya jiƙan shi.

Alhaji ya yamutsa fuska. "Wane Yahaya?"

Ma'u ta kunna injin. Injin ya yi ta kuka a banza, robar ba ta ko kusance shi ba. Ta kashe, ta ɗauraye haƙoran, ta mayar masa a baki.

"An gyara, ranka ya daɗe. Yaushe ne za ka sake jawabi?"

"Juma'a, wajen walima."

"To," in ji Ma'u, "Allah ya kai mu."