Haihuwa a Adakar Hajiya Inno

"Kak ki taɓa ta, Kande. Aje tsintsiyag ga."

Kande ta tsaya da tsintsiya a sama, bakinta buɗe. Ta shigo ne ta share wa tsohuwar ɗaki kamar yadda take yi kullum tun da aka sallamo ta daga asibiti, sai ta ji wani ɗan kuka siriri daga ƙarƙashin gado. Da ta jawo adakar ƙarfen nan mai karyayyen murfi, sai ga kyanwar Hajiya Inno kwance male-male, da 'ya'ya huɗu ko ido ba su buɗe ba.

"Hajiya, kin ko san bisa mi ta haihu? Likkahwaninki na hwa!"

"Na sani. Tun jiya nij ji ta."

"Kuma kinka yi shiru?"

"To mi za ni ce mata? Ta riga ni buƙata."

Duk lungun nan na Ƙofar Rini a birnin Sakkwato babu wanda bai san labarin farin ƙyallen ba. Shekara goma sha tara ke nan da Hajiya Inno ta sayo shi a Makka, ta tsoma shi a ruwan Zamzam da hannunta, ta shanya ya bushe, ta naɗe. Sau biyu a shekara take fito da shi ya sha iska, kuma kowane karo sai ta kira Kande maƙwabciyarta ta maimaita mata wasiyya, cewa ranar da ta cika a cikinsa za a sa ta, kada a saya mata na kasuwa. Ɗanta ɗaya Sa'ad yana can Mabera da iyalinsa, ma'aikaci ne, sai yamma yake leƙowa. Don haka amanar a wuyan Kande take. Ga shi yanzu ƙafafun tsohuwa sun kumbura, numfashi sai da dabara, likkafani kuma ya zama shimfiɗar mai jego.

Abin da ya ƙara wa Kande zafi, ita da kyanwar nan ba sa ga-maciji. Dambun nama take yi na sayarwa, kuma ta sha rantsuwa cewa rabin ribarta a cikin Mussa take. Haka Hajiya ke kiranta, Mussa kawai, wai suna ɗaya ya ishi wanda ba za a yi wa aure ba.

"Bari in maishe su cikin kwali," in ji Kande. "In sa musu tsumma mai laushi."

"In kinka taɓa su, ɗauke su za ta yi ta kai bisa soro. Ranag ga ta bazara, kahin azahar sun soye. Ki bar ta. Ita ta san ranad da za ta tashi."

Kande ta so ta ce, ke fa, kin san taki ranar? Amma wannan ba maganar da ake faɗa wa mara lafiya ba ce. Ta haɗiye, ta tura adakar inda take, ta yi sharar da ƙarfi fiye da yadda ƙasar ta cancanta.

Kwana shida aka yi a haka. Kande ta shigo da kunu, ta leƙa ƙarƙashin gado, Mussa ta zare mata ido. Ta dawo da rana, ta sake leƙawa, ta tarar uwar tana lasar 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, tana juya su da hanci kamar mai juya waina. Tsohuwa kuwa kullum ƙara yin ƙasa take, amma kunnenta na ƙarƙashin gado. In kuka ya yi yawa sai ta ce, "Wancan baƙin na, kullum shi aka turewa." In shiru ya yi yawa sai ta sa Kande ta duƙa ta ƙirga. Kande tana ƙirgawa tana tsaki, cikinta kuma cike da tsoro, don ta san in rai ya yi halinsa ba a jiran kowa, kafin la'asar an kai mutum.

Masu dubiya ne suka yi abin da tsintsiya ta kasa. Ranar Juma'a mata suka cika ɗakin, wannan ta zauna bakin gado, waccan ta jingina ƙafa da adaka, ga turare, ga hayaniyar gaisuwa. Kyanwa kuwa ba ta reno a kasuwa. Washegari da hantsi Kande na fitowa daga gidanta ta yi kiciɓis da Mussa a lungu, ɗa ɗaya a baki, ta kama shi ta ƙeya, ya lanƙwashe kamar ba rai. Tsakanin ƙofofin biyu kuwa karen Bawa mahauci ne kwance a inuwa, wani ƙato da ko awaki ba sa gilma masa. Ya ɗaga kai. Mussa ba ta ajiye ɗan ba, ba ta kuma ja da baya ba. Ta gantsare, gashin bayanta ya miƙe, ta saki wani gurnani ta gefen baki. Karen ya dube ta, ya dubi bango, ya yi hamma, ya mai da haɓa ƙasa kamar dama can barci ya zo yi.

Ta wuce shi ta shige gidan Kande kai tsaye, har madafa, bayan buhun gawayi. Sau huɗu ta yi wannan jigila, Kande na tsaye riƙe da ƙugu.

"Duk hwaɗin garin ga," ta ce, "sai ɗakin da nika aje nama."

Ba ta tsaya faɗa ba. Ta ruga ta jawo adakar, ta warware ƙyallen a tsakar gida. Jinin haihuwa ya bushe a kai, ga gashi, ga ƙarni. Dole a wanke. In kuwa aka wanke da sabulu, ina Zamzam ɗin da tsohuwa ta yi shekara goma sha tara tana tattali? Ta shiga ɗaki ta faɗa mata.

Hajiya Inno ta daɗe kafin ta tara numfashin amsa.

"Sun isa lahiya? Har baƙin?"

"Har shi."

"To wanke abinki, ɗiyata."

Kande ta wanke sau uku, ta cuɗa har yatsunta suka yi ja. Da ta zo ɗauraya ta ƙarshe ta tsaya, ta tafi gida ta ɗauko 'yar gorar Zamzam da yayanta ya kawo mata tsaraba bara, wadda ta ɓoye don ranar ciwo. Ta juye duka a kwano, ta yayyafa wa ƙyallen daga wannan baki zuwa wancan, ta shanya a igiya. Ba ta gaya wa kowa ba.

Ana kiran azahar tsohuwa ta cika, kanta a cinyar Kande, kalmar shahada a bakinta. Kande ta shafe mata ido, ta yi kukanta a hankali, kukan wadda ta rasa uwa a karo na biyu.

Sa'ad ya iso a gigice, da sabon farin yadi a leda, don a hanya ya tsaya ya saya. Kande ta sauko da na igiya. Ranar Sakkwato ta riga ta busar da shi ƙayau, amma a gefe ɗaya akwai wani tabo ruwan ƙasa, kamar faɗin tafin hannu, wanda sabulu ya kasa.

"Mi na na wanga?" in ji Sa'ad.

"Mussa ta ta haihu bisa. Na wanke."

"Haba Kande! In sa mahaihiyata cikin abin da mussa ta ɓata? Ga sabo na kawo."

Kande ba mai tsayawa gaban maza ta yi musu ba ce. Amma ranar ta rungume ƙyallen a ƙirji, ta ƙi matsawa daga bakin ƙofa.

"Malam Sa'ad, shekara sha tara tana yi min wasicci. Kuma kwana shida tana kwance tana jin su bisa abin ga, ta hana in taɓa. Da tana ƙyamatai da ta hwaɗi. In ka sa ta cikin na leda, ni dai na sauke nawa, kai da ita."

Sai Malama Wasila mai wankan gawa, wadda ta yi karatu gidan malamai, ta karɓa. Ta duba tabon a haske, ta shinshina, ta murza da yatsa.

"An wanke, ba wari, ba komi sai launi. Wanga tsarkakke na. Ku kira tela."

Sa'ad ya tsaya da ledarsa a hannu. Can ya sunkuyar da kai, ya share fuska da hannun riga, ya ce, "Allah shi saka miki, Kande." Kafin la'asar ta yi sanyi maza suka ɗauki Hajiya Inno, a cikin nata likkafanin.

Da yamma mata suna zaune a tsakar gida kan tabarmi, Kande ta tashi don ta rufe ɗakin tsohuwa. Ta tarar Mussa ta riga ta shiga. Kyanwar ta shinshina takalman da ke bakin gado, ta yi tsalle ta hau katifa, ta zagaya sau biyu, ta kwanta daidai inda jikin tsohuwa ya lotsa. Kande ta tsaya riƙe da ƙyaure, ta kasa ja. Daga bayan katanga wani ɗan kuka siriri ya taso. Kunnen Mussa ɗaya ya juya. Ta ƙara ɗan jim a wurin, sannan ta sauko, ta goga jikinta a ƙafar Kande ta fita.