Katantanwar Kawu Kerneels

Kawu Kerneels ya rantse ba zai koma Durban da zama ba, ko da fasto ne zai ɗauke shi a kai. Amma 'yarsa Marelize ta taso tun daga can da mota, da wata tsohuwar jaka da babu komai a cikinta, ta kuma ajiye jakar a bakin gadonsa. Wai maƙwabta sun ce idanunsa sun tafi. Maƙwabtan nan kuwa mutum ɗaya ce, Inna Griet, wadda bakinta ba ya hutu ko ranar Lahadi.

Gaskiya idanun sun yi nisa. Fuskar mutum hazo ce gare shi, sai an yi magana ya gane wane ne. Shi kaɗai ya san yadda abin ke ba shi tsoro.

"Baba, jiya fa gishiri ka zuba a kofi," in ji Marelize.

"Da gangan na zuba. Ku 'yan Durban me kuka sani? Ruwan tekunku ma kamar wanda aka wanke kwano da shi."

Washegari da hantsi ya ɗauki bokiti ya nufi duwatsun bakin teku. Niyyarsa ya ciko shi da katantanwa, ya dire mata a gaba, ta nuna masa makahon da zai iya hakan. Hanyar a ƙafarsa take tun yana yaro. Inna Griet ta ƙwala masa kira daga inda take shanya kifi, "Kerneels! Ina za ka da bokiti yau?" Ya yi kunnen ƙashi.

Ruwa ya janye, ga shi babu kowa a kan duwatsun. Ya yi tsaki. Mutanen garin nan sun lalace, ɗan sanyi kaɗan sai su maƙale a gida.

Ya shiga ruwan har gwiwa, sanyi ya kama shi har cikin haƙora, ransa ya yi fari. Ya dinga cusa hannu ƙarƙashin ganyen teku yana laluben su. A nan ba ya buƙatar ido. Yatsa ne ke gaya masa kaurin kwanso, da gurza-gurzan bayansa, da ɗan murfin da take ja ta rufe ƙofarta in an taɓa ta. Kafin ruwa ya dawo bokiti ya cika taf.

Ya dire shi a tsakiyar kicin, ya zaro babba ɗaya.

"To, 'yar nan, ga aikin makaho. Taɓa ki ji kwanso, guduma sai ta yi gumi. Wannan daga gaɓar Namibiya har zuwa nan take, inda ruwa ke da sanyi. Ba irin taku ta Durban ba, mai ado, ba ƙwari, kamar mijinki. Ɗora tukunya."

Marelize ba ta tanka zancen mijin ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Bai ji ƙarar tukunya ba kuma.

"Baba," ta ce a hankali, "yau wane launi tekun yake?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Shuɗi mana, kamar kullum."

Sai ya tuna duwatsun da babu kowa, ya tuna kiran Griet. A garin nan ko yaron goye ya san in teku ya yi ja ba a taɓa katantanwa, don guba take kwasa. Shi da bakinsa ya koya wa Marelize haka, har da ranƙwashi.

"Ja ne?" ya ce.

"Ja wur, Baba. Tun shekaranjiya."

Ya lalubi kujera ya zauna. Da ta ɗora tukunyar, da shi da kansa zai zuba wa 'yarsa a kwano, ya tsaya a kanta sai ta cinye. Wannan ne ya karya shi, ba jakar ba.

Ta ɗauki bokitin za ta mayar teku. Ya damƙe wadda ke hannunsa, yana shafa murfinta da ya rufe gam.

"Ki haɗa kayan," ya ce. Can ya miƙa mata katantanwar. "Ungo, mayar da ita ma. Ita ba ta rayuwa a ruwanku."