Tabarmar da Aka Shimfiɗa wa Balaraba

Tun daga ƙofar zaure Malama Balaraba ta hango tabarmar. An shimfiɗa ta a tsakiyar gida, inda ba a saba ba, an ɗora matashi biyu, ga bokitin ruwa da moɗa a gefe. Mata huɗu na tsaye, babu mai kallon idonta. Dawowarta ke nan daga makarantar da take koyarwa a Kaura Namoda, farin alli bai ma bar yatsunta ba.

Ta san wannan shimfiɗa. Ita aka yi mata ranar rasuwar mahaifinta, ita aka yi ranar ta mijinta. Dangi duk sun sani: da mummunan labari ya shiga kunnenta, bugun zuciyarta sai ya ja baya kamar zai tsaya, ta zube. Kafin hankalinta ya dawo sosai an yi wanka, an yi sutura, an kai. Can baya sau biyu ta fasa goshi, shi ya sa ake tanadar tabarma kafin a buɗe baki.

"Zauna, Malama," in ji Indo maƙwabciyarta. "Ni dai ba na ƙara tare ki in za ki faɗi. Wancan karon sati na yi ina gasa ƙugu."

Babu wanda ya yi dariya. Balaraba ba ta zauna ba.

Malam Labbo, yayan mijinta, ya shigo da hula a hannu. "Imrana ne," ya ce. "Babur ɗinsa ya haɗu da motar hatsi a hanyar Kasuwar Daji."

"Ina ɗana yake, Yaya?"

"An kai shi asibiti. Jikin da nauyi."

"Ba a shimfiɗa mini tabarma don asibiti."

Ya sunkuyar da kai. "Sai haƙuri. Allah ya karɓi abinsa kafin azahar."

Ta yi salati, ta tsaya jira. Ta jira ƙarar nan ta cikin kunne, da gumi mai sanyi, da duhun da ke tasowa daga gefen ido. Matan suka miƙo hannuwa. Babu abin da ya zo.

Wata biyar da suka wuce, Imrana da kansa ya kai ta Abuja. Likita ya zura siririyar waya ta jijiyar cinyarta har cikin zuciya, ya ƙona wasu 'yan wurare. "Jijiyar da ke taka wa zuciya birki ce ta yi miki ƙarfi," ya ce. "Mun rage mata iko. Bugun zai ɗan ƙaru, amma faɗuwa ta ƙare." A mota Imrana ya yi ta tsokanarta: "Inna, tabarma ta yi ritaya kafin ke." Dangi sun ji labarin aikin. Ba a dai taɓa gwada shi ba.

Ta dafa wuyan hannunta. Bugun na tafiya daidai, da ɗan sauri, kamar agogon ofishin hedimasta. Tana jin komai: injin niƙan maƙwabta, takun maza a zaure, ƙarar makara da aka jingina da bango. Shekara hamsin da biyu a duniya, ba ta taɓa jin wannan ƙarar a gidansu ba.

"Anya ta ji kuwa?" wata ta raɗa.

"Na ji," in ji Balaraba.

A daidai nan Mardiyya, matar Imrana, ta shigo daga gidan kitso, rabin kanta a tsefe. Ita ba a tanadar mata komai ba. Ta dubi makarar, ta dubi Malam Labbo, sai ta sulale a sume. Balaraba ce ta riga kowa. Ta tallafe ta, ta kwantar da ita a tabarmar, ta gyara mata matashin.

Indo ta ɗebo ruwa a moɗa, ta ɗaga hannu za ta yayyafa. Balaraba ta riƙe hannun.

"Dakata," ta ce. "Bar ta tukuna. Ko minti biyu ne."