Wasiƙar da Malama Ta Gyara

"Tsaya, tsaya," in ji Baba Akawu, ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan bargo. "Sake karanto min wannan wurin."

Malama ta gyara zama a kan kujerar roba, ta matso da wayar kusa da fuskarta. "Haƙiƙa rayuwa wani kogi ne mai gudana, wanda ɗan Adam ke ninƙaya a cikinsa cikin fafutuka da..."

"Ke kin iya ruwa?"

"A'a, Baba."

"To wa ya jefa ki kogi?"

Inna, ƙanwarsa da ta zo jinyarsa, tana bakin ƙofa tana ninke zanin gado, sai da ta toshe baki. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Muryarsa ta koma raɗa tun da ciwon maƙogwaron ya ci ƙarfinsa, amma bakin nan nasa yana nan yadda aka san shi.

Malama tana koyar da 'yan aji huɗu a firamare, ɗakinta yana kallon nasa a gidan hayar. Shekara biyu ke nan da ta buɗe shafi a intanet, duk Asabar sai ta saka rubutu. Masu karantawa goma sha huɗu ne, ciki har da yayarta, wadda ke danna alamar so ba tare da ta karanta ko layi ɗaya ba. Abin mamaki, a wajen shanyar kaya babu wanda ya kai Malama iya labari. In ta fara kwaikwayon shugaban makarantarsu, mata har riƙe ciki suke. Amma da zarar ta zauna rubutu sai ta zama wata daban, ta kwaso "haƙiƙa" da "babu shakka" da "ya ku 'yan'uwa masu daraja", tana ɗingishi a cikinsu kamar mai takalmin aro. A ganinta rubutu ba hira ba ne, dole a yi masa kwalliya.

Shi kuma Akawu shekara talatin da ɗaya ya yi a gaban gidan waya, da teburinsa da tafiretarsa, yana rubuta wa waɗanda ba su iya ba wasiƙa. Da wayar hannu ta zo, sana'ar ta mutu, aka bar shi da sunan.

"Wata mata ta taɓa zuwa teburina," ya ce, yana hutawa tsakanin kalmomi. "Mijinta ya yi shekara biyu wajen neman aiki. Ta ce in rubuta: 'Ka dawo, ɗaki yana yoyo, ni ma na gaji.' Shi ke nan. Na ce ba ƙari? Ta ce ba ƙari. Haka na buga. Sati uku sai ga shi da jakarsa. Aikina, Malama, in wanda aka aika wa ya buɗe takarda, ya ji mai maganar a tsaye a kansa. Ke kuwa na saurari naki tun ɗazu, ban ji ki ba."

Malama ta yi dariyar yaƙe, ta kashe wayar. Maganar ta yi mata ciwo, don ta kwana uku tana gyara kogin nan.

Ranar Lahadi da la'asar ya aiki Inna kantin magani, ya sa aka kira Malama. Asibiti sun sallame shi tun makon jiya, kuma kowa a gidan ya gane irin sallamar.

"Ara min hannunki," ya ce. "Nawa ya daina jin magana."

'Ya ɗaya gare shi, ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa, tafiyar kwana da yini a mota. Shekara shida rabonta da gida. Ranar da uwarta ta rasu ta iso a makare, shi kuma cikin zafin rashi ya ce mata a gaban mutane, "Kin yi jinyar duniya, kin zo wa uwarki da kuka." Ta ɗauki jakarta washegari, ba ta sake ɗaga wayarsa ba. Saƙo ne kawai take karantawa, in ta ga dama.

"Baba, ko in ɗauki muryarka in tura mata?"

"Da wannan muryar? Ba za ta ji ni a haka ba. Rubuta."

Ta buɗe bayan littafin shirin darasinta, ya faɗa tana rubutawa:

"Ke Kunnen-ƙashi. Ni ne. Likita ya ce kada in wahalar da kaina sayen sabon takalmi. Maganar da na faɗa miki ranar rasuwar uwarki, bakina ne ya faɗa, kuma ƙarya ya yi. In za ki zo, ki zo. In ba za ki zo ba, ki riƙa karyawa da safe, na san ba kya yi. Shi ke nan."

"Shi ke nan, Baba?"

"Kin ji na ce shi ke nan."

Ta karɓi lambar a wajen Inna, ta koma ɗakinta, ta zauna a bakin gado tana kallon layukan. Gaskiya ta tausaya wa tsohon. Faɗan shekara shida, a ce da wannan busasshiyar maganar za a kashe shi? Ba gaisuwa, ba neman gafara a fili, har da sunan tsokana a sama. Ta ce a ranta ciwo ne ya hana shi tsara magana, kuma ai amfanin mai ilimi a maƙwabta ke nan. Ta zage, ta yi aikin da take ganin ba ta taɓa yin mai kyansa ba. "Zuwa ga 'yata abar ƙaunata, sanyin idaniyata. Haƙiƙa zuciyata tana cike da nadama mara misaltuwa..." Layi ashirin da biyu. Ita kanta sai da ta share ƙwalla kafin ta tura.

Litinin shiru. Talata da safe, tana tsakiyar koyar da jimla, wayar ta yi motsi a cikin jaka. Ta karanta a bayan allo:

"Ban san ko wace ce ke ba. Amma babana bai taɓa ce min sanyin idaniya ba, ko ranar da aka haife ni. An taɓa yi min irin wannan, na bar aiki na taho, na hango shi a ƙofar gida yana karanta jarida, na juya ban shiga ba. Ku gaya wa wanda ya sa ku ya bar ni in sarara."

Malama ta mayar da wayar cikin jaka. Ta kasa ƙarasa darasin, ta ba yara aikin aji. Da ta dawo gida, ta wuce ƙofar Akawu sumsum kamar marar gaskiya, kuma marar gaskiyar ce. Inna ta leƙo ta ce, "Malama, yana tambaya ko an amsa." Ta ce, "Tukuna, Inna." Kunya ce ta riƙe ta, kunyar banza, ta cinye musu yini guda.

Laraba da ta taso daga makaranta ba ta ko ajiye jaka ba ta shiga ɗakinsa. Ya ƙara zubewa. Kofin shayin da Inna ta haɗa masa tun safe yana kan tebur, ya yi sanyi, ba a taɓa ba.

"Baba, na yi maka laifi."

Ta faɗa masa duka. Ya ce ta karanto abin da ta aika. Ta karanta, kowane "haƙiƙa" yana fitowa da ƙyar. Ya lumshe ido har ta gama.

"Wannan uban mutumin kirki ne," ya ce. "Allah ya ba shi lafiya. Da ni ne 'yar, ni ma ba zan zo ba. Ban san shi ba."

"Ka yafe min, Baba. Na ga kamar taka ta yi gajarta."

"Ta yi gajarta. Ni ma ai gajere ne. Tawa tana nan?"

"Tana nan."

"Tura. Ko waƙafi kada ki ƙara."

Ta kwafe ta harafi da harafi a gabansa, ta tura. Inna ba ta gama ɗumama shayin ba amsa ta shigo, kalma biyu: "Ina hanya."

Akawu ya sa aka karanta masa sau biyu. Sai ya juya fuskarsa bango, ya ce fankar ce ke sa masa ruwa a ido, a kashe ta. Fankar kuwa tun safe babu wuta. Daga nan bakinsa ya buɗe, ya yi ta magana a kan 'yar har magariba, Malama na zaune tana saurare, don ba ta da fuskar tashi.

Alhamis da hantsi maganar ta ɗauke. Yana buɗe baki, iska ce kawai ke fita. Idonsa dai yana kan ƙofa, duk wanda ya ɗaga labule sai ya bi shi da kallo, in ya ga ba ita ba ce ya mayar da ido kan silin.

Ran nan Malama ta buɗe shafinta, ba don Asabar ta yi ba, sai don ta rasa wanda za ta faɗa wa. Ta rubuta: "Maƙwabcina yana mutuwa. Ya ba ni saƙo in kai wa 'yarsa, na ga bai yi kyau ba, na gyara. Ta karanta ba ta gane ubanta ba. Yanzu tana cikin mota, shi kuma ya daina magana. Kwana uku na ci musu da iyayina." Ta saka haka, ba ta sake dubawa ba. Can sai ga kiran yayarta. "Ke, lafiya? Na karanta abin nan, wallahi kamar kina gabana. Wane maƙwabcin?" Shekara biyu Malama tana jiran a ce mata haka, ga shi an faɗa, ko kaɗan bai yi mata daɗi ba.

Juma'a da safe 'yar ta iso, doguwa, da ƙaramar jaka a kafaɗa, ƙafafunta sun kumbura don zaman mota. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta shiga, ta tsaya a kansa, suka kalli juna. Sai ta ajiye jakar, ta taɓa goshinsa, ta kama hannunsa tana duban agogonta.

"Inna, wa ya sa masa filo ɗaya? Ai numfashi zai yi masa wuya. A kawo wani." Ta ɗago shi da hannu ɗaya, ta gyara. "Kai kuma Baba, ka ga yadda ka bar farcenka? Sai ka ce ba ka da kowa."

Leɓɓansa suka motsa. Ta kai kunnenta bakinsa, ta daɗe a haka. Ba abin da ya fito. Ta ɗago, ta ce, "Na ji. Na ce na ji. Bar wahalar da kanka." Ta ciro abin yanke farce daga jakarta, ta zauna a bakin gadon, ta bi yatsun nan goma ɗaya bayan ɗaya. Tana jiƙa masa leɓe da auduga lokaci zuwa lokaci. Bayan la'asar kaɗan ya cika, hannunsa a cinyarta.

Washegari da safe, kafin masu gaisuwa su fara shigowa, Malama ta fito da bokiti ta tara a famfon tsakar gida. 'Yar Akawu tana zaune a dakalin ƙofar ɗakinsa, ta rungume gwiwoyinta. Malama ta yi mata gaisuwa, za ta juya, ta ji an ce, "Ke ce Malama?"

"Ni ce."

"Ke kika rubuta ta farkon?"

"Ni ce."

'Yar ta ɗago ta kalle ta. "Da tasa kika turo ranar Lahadi, da na same shi yana magana."

"Haka ne," in ji Malama. Ta nemi abin da za ta ƙara, ta ga duk abin da ta ƙara ado ne, ta bar shi haka.

"Inna ta ce ranar Laraba ya yi ta surutu, ke ce a wurin. Ita tana waje tana aiki, ba ta ji ba." Ta matsa gefe, ta bar wuri a dakalin. "Zauna. Me ya ce? Yadda ya faɗa nake so."

Malama ta zauna. Ta yi gyaran murya, ta sauke ta ƙasa, ta shaƙe ta, har da ɗaga yatsa ɗaya.

"Ya ce, 'In ta zo, kada wanda ya ce mata ta rame. Fushi za ta yi ta koma.'"

Dariya ta kuɓuce wa 'yar, ta haɗe da kuka, ta rufe fuska da mayafi. "Sai kuma me?"

"Ya ce, 'Tana aji uku ta gyara min kuskure a wasiƙar mutane. Na ce mata ba kuskure ba ne. Kuskure ne.'"

"Ci gaba."

'Yar ta jingina kanta da bango, ta rufe ido. Malama ta ci gaba da faɗa, a hankali, cikin muryar tsohon. Bokitin ya cika, ruwa yana zuba ta gefe yana bin siminti zuwa rariya, ba wadda ta tashi ta kashe famfon.