Ruwan Zafi a Ƙofar Kaura

Soja sun miƙa mulki ga farar hula, an saki waɗanda ake tsare da su, amma Sada, mijin Furera, bai dawo ba. Tun da wata mota ta ɗauke shi a Ƙofar Kaura, babu inda ba ta nema ba.

Surukarta, Inna, ta ce, "Mutanen ɓoye suna da Katsinarsu a nan inda muke, har da ganuwa. Yaron nan yana wurinsu."

"Inna, aljani ba ya tuƙa mota," in ji Furera.

Ita malamar kimiyya ce. A jami'a ta karanta hasashen cewa akwai wasu duniyoyi kusa da tamu, sai dai babu ƙofa tsakani.

Da hantsi ta tace shinkafa, ta fito da ruwan zafin tsakar gida. Kullum Inna kan ce a yi bisimilla kada a ƙona na ɓoye, kullum Furera kan watsar abinta.

Yau ta tsaya, tukunyar tana ƙona mata yatsu.

"Bisimillahi," ta ce a hankali. "Sada, kauce."