Majajjawar Malam Nata'ala

Tsuntsayen jan-baki sun rufe gonar geron kamar hayaƙi, Malam Nata'ala kuwa yana tsaye a bakinta da majajjawa, ransa a ɓace. Babban ɗansa Ɗayyabu ya zo Buji da magana ɗaya: ƙarfin Baba ya ƙare, ya bar gona ya bi shi Limawa, cikin Dutse, ya huta. Shi kuwa tsohon, gara masa kabari da irin wannan hutu.

Jikarsa Radiyya, mai karatun injiniya a Dutse, ita ta kawo abin raba gardama: wani ɗan akwati da ta haɗa da hannunta, yana auna gudun abin da aka jefo ya tura lambar cikin waya. Aka yi sharaɗi. In jifan tsohon ya kamo na Sale, saurayin da za a bar wa gadin gonar, to ya zauna.

Ta je can gaba ta raɓe a jikin kuka, ta miƙo akwatin. Sale ya wulwula ya saki.

"Casa'in," in ji Radiyya.

Malam Nata'ala ya jefa, dutsen ya tafi a sanyaye.

"Hamsin."

"Baba, ka dai gani," in ji Ɗayyabu a hankali.

Amma Radiyya ta ga yadda hannun kakanta ya noƙe daidai wajen saki. Mai gadin gona na gaske ba ya sakin hannu da mutum a gabansa, balle jininsa.

"Tsoho, tausayina kake ji?"

"Amarya, in na fasa miki kai, wa zai dama mini fura?"

Ta ɗaure akwatin a ƙirjin mutum-mutumin gonar, ta dawo bayan kakanta.

"To ga sabon saurayina can. Ya ce wai ka tsufa."

"Haka ya ce?"

Majajjawar ta yi kuka a iska. Sai ji aka yi tas! Akwatin ya tarwatse, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya. Radiyya ta dubi wayar: ɗari da goma. Aikinta na watanni ya yi kaca-kaca, amma murna ta hana ta tunawa. Ta rangaɗa guɗa har maƙwabtan gona suka ɗago kai.

Ɗayyabu ya jima yana kallon mahaifinsa, sannan ya yi dariya, ya nufi mota ya sauko da jakar kayan tsohon da ya riga ya ɗora.

Tsohon bai ko waiwaya ba. Ya sunkuya yana zaɓen wani dutsen, don jan-baki sun fara dawowa.