Gurnanin da Mai Rediyo Ya Kashe

Shekara talatin da ɗaya Mai Rediyo ya yi yana yaƙi da abu guda, wato gurnani. Duk rediyon da aka ajiye masa a tebur tana "huuum", sai ya bi ta waya-waya har ya kamo mai laifin. A wurinsa na'ura mai lafiya ita ce wadda muryar mai karanta labarai ke fita tas a cikinta. Duk wani sauti bayan wannan cuta ne.

Ɗansa na biyu, wanda ake kira Dogo, makaɗin jita ne, irin mai tsirkiya huɗu masu kauri da suke ce wa bes. Uban bai taɓa hana shi ba, bai kuma taɓa zuwa ya saurare shi ba. Ran Talata sai ga Dogo a shago, jita a kafaɗa, takarda a hannu.

"Baba, shugaban ƙungiyarmu ya ce in ganga ta tashi ba a jin jitata. In ba a ji ni ba a gwajin ran Asabar, mai fiyano zai ba wa gurbina."

"To ka ƙara ƙarfin hannu mana."

"Ba a hannu abin yake ba. Wani ɗan akwati ake sawa tsakanin jita da sifika, a taka shi da ƙafa, ya ƙara wa sautin ƙiba. Ga zanensa."

Mai Rediyo ya gyara zaman tabarau. Kayan haɗin da ke zanen irin na cikin rediyo ne: transista biyu, kafasita shida, batir ɗaya. Ransa ya yi fari ƙal, don rabon yaron da neman wani abu a wurinsa har ya manta. Amma abin da ya fito bakinsa shi ne, "Wannan ai ko ido a rufe."

Cikin gwangwanin alawa ya haɗa shi, ya huda gefe biyu na waya, ya dasa makunni a murfi. Da ya gama ya jona jitar, ya ja tsirkiyar da ta fi kauri. Gilashin taga ya ɗauki rawa. Mai Rediyo ya girgiza kai, ya ce lallai mai zanen nan bai zauna gaban maigida ba. Ya cire babbar kafasita ya sa ƙarama. Gurnanin ya ragu. Ya sa wadda ta fi ta ƙanƙanta. Kafin yammacin Juma'a jitar na cewa "tin-tin" kamar cokali a bakin kofi, shi kuwa ya wanke hannu yana jiran yabo.

Dogo ya zo ya taka, ya kaɗa, ya sake kaɗawa.

"Baba, ina sautin?"

"Ga shi nan, tas."

"A'a, na ƙasan. Wanda ke dukan ƙirji."

"Gurnanin? Na kashe shi. Kwana biyu yana ba ni wahala."

Dogo ya daɗe yana kallon gwangwanin.

"Baba, ai shi ne kiɗan."

Mai Rediyo ya cire tabarau ya goge su da bakin riga, ko da yake babu abin da ya same su.

"Wannan huuum ɗin da nake ji ta bango a gida, shekara shida..."

"Ni ne."

"Sau biyu ina wargaza firjin mahaifiyarka ina neman sa."

Babu wanda ya yi dariya. Kunya ce ta rufe dattijon, irin wadda bai taɓa ji gaban mai kawo gyara ba. Ya durƙusa ya lalubo babbar kafasitar a kwandon shara, ya hure ta, ya mayar da ita da dalma.

Dogo ya taka, ya kaɗa. Sautin ya cika shagon, har tela maƙwabcinsu ya leƙo ya ga ko lafiya. Hannun Mai Rediyo ya nufi sukundireba da kansa, sai ya janye shi ya tura aljihu.

"Ya yi, Baba?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban san yadda mai lafiyarsa yake ba."

Ya jawo kujera ya zauna daf da sifikar.

"Faro daga farko, in koya."